Ina Giga 35 Ɗina Suka Shiga?

Wannan makon za mu waiwayi wata tsohuwar rigima da har yau take haɗa mai saye da mai shago faɗa. Mutum ya sayi faifan ajiya an rubuta giga 500 a kwali, ya jona a kwamfuta, sai Windows ta nuna masa 465. Nan take ya ce an cuce shi.

Asalin maganar lissafi ne. Kwamfuta da bibbiyu take ƙirga, kuma idan ka ninka biyu sau goma, 1024 za ka samu. Injiniyoyin farko suka ga 1024 ta yi kusa da 1000, sai suka ari kalmar kilo suka laƙaba mata, alhali kilo a awo dubu ce cif. A lokacin bambancin bai kai kashi uku cikin ɗari ba, babu wanda ya damu. Masu ƙera faifai kuwa suka tsaya a kan dubu tasu.

Har an taɓa gauraya su biyun. Ƙaramin faifan nan mai murabba'i da aka rubuta wa 1.44, wanda IBM ta yaɗa a 1987, bait 1,474,560 yake ɗauka, wato 1440 sau 1024. Rabi dubu, rabi 1024. Ni dai ban taɓa ganin awo mai fuska biyu irin wannan ba.

Da faifai ya girma, sai giɓin ya girma tare da shi. A giga ya haura kashi bakwai, a tera ya kusa goma, shi ya sa tera ɗaya take fitowa 931. A 1998 hukumar IEC mai tsara ma'aunan lantarki ta duniya ta ƙirƙiro sababbin sunaye, kibi da mebi da gibi, domin masu 1024 su bar wa masu dubu sunansu. Mutane ba su karɓa ba sosai.

Sai aka tafi kotu a Amurka. Masu saye suka maka Western Digital da Seagate, duka biyun suka yi sulhu ba tare da amsa laifi ba. Western Digital ta ba da manhajar adana bayanai kyauta a 2006, ita kuwa Seagate ta yarda ta mayar da kashi biyar cikin ɗari na kuɗi ko ta ba da manhaja. Bayan nan, ɗan rubutun nan na gefen kwali yana faɗa maka cewa giga ɗaya bait biliyan ɗaya ce, sai dai wa yake karantawa?

Apple ta koma ƙirga da dubu a 2009, shi ya sa faifan da Windows ta ce 465 ne, Mac za ta ce maka 500. Windows har yanzu da 1024 take raba lissafi, amma ta rubuta GB.

Don haka 465 ba ta nuna an taɓa maka komai. Wanda za ka koma wa mai shago a kansa shi ne filashin da ya nuna cikakken adadi, ka zuba masa fayiloli, washegari su ƙi buɗewa.