Girma Kaɗai Ba Ya Isa: Buhunan Ibrahim Mahama da Idon Ɗan Bawku

A shekarar 2015 mai fasaha Ibrahim Mahama, haifaffen Tamale, ya lulluɓe wani dogon lungu a bikin baje kolin fasaha na Venis da tsofaffin buhuna da aka ɗinke wuri guda. A 2016 ya yi wa babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Akara irin wannan sutura. Masu sharhi sun yaba ƙwarai, amma yawancin yabon kan girman aikin ya tsaya, kuma a nan nake da ja. Duk mai kuɗi da injin ɗaga kaya zai iya rufe gini. Abin da ke sa ɗan kallo ya saki baki sau da yawa kasafin kuɗin ne, ba basirar ba.

Sai dai buhunan Mahama suna da hujjar yawansu. A Indiya da Bangaladash ake saƙa su, a shigo da su Gana domin zuba koko. In sun gama wannan aiki sai su faɗa hannun 'yan kasuwa, su ɗauki masara da shinkafa, daga ƙarshe gawayi. Wanda ya san kasuwar Bawku, inda kaya ke ratsawa zuwa Burkina Faso da Togo, ya san yadda ɗan kasuwa ke rubuta alamarsa a jikin buhu, da yadda ake yi masa faci har ya mutu. Buhu ɗaya tsumma ne. Dubbai kuwa suna nuna hanyar fatauci da gumin 'yan dako waɗanda babu littafin da ya rubuta sunayensu. Yawa shi kan sa zare ya ja dutse. Ma'aunina ke nan: in aka rage aikin kuma maganarsa ba ta ragu ba, to girman ado ne kawai.

Akwai abin da ya fi damuna. A 2024 Mahama ya rufe fuskar ginin Barbican a Landan da saƙi mai launin ruwan hoda da shunayya, wanda ɗaruruwan masu sana'a suka haɗa a filin wasa na Tamale, aka manna masa tsofaffin rigunan batakari kimanin 100. Rigar nan ce hukumomin tsaro suka hana sawa a Bawku a 2021 saboda zargin ɓoye makami a cikinta. Baƙon Landan launi ya gani. Mai iya karanta rigar, ya gane saƙar Daboya daga ta Yendi, ba shi da bizar zuwa.

Mahama ya mayar da kuɗin cinikinsa gida: ya buɗe cibiyar fasaha ta Savannah a Tamale a 2019, sannan Red Clay, inda tsofaffin jiragen sama suka zama azuzuwan yara. Wannan ya rage damuwata, bai kashe ta ba, domin har yanzu kasuwar Turai da Amurka ce ke yanke farashi, kuma ita ke zaɓar bangon da za a rufe.