Dutsen Ɗariƙu a Bakin Mashigin Teku

A kudancin ƙasar Andalus, inda Bahar Rum ke saduwa da Tekun Atlantika ta wani mashigi wanda a wurin da ya fi ƙunci bai wuce kilomita 14 ba, akwai wani dutse da ya tashi mita 426 daga bakin ruwa, ba abin da ya haɗa shi da tudu face wani siririn zirin yashi. Fuskarsa ta gabas a tsaye take kamar garu, don haka gari da tashar jiragen ruwa suka zauna a gangarensa na yamma, suna duban garin Jaziratul Khadra. Rumawa sun san shi da sunan Kalfe, suna lissafa shi cikin ginshiƙai biyu da suka ɗauka su ne iyakar duniya.

A shekara ta 92 bayan Hijira, wato 711 Miladiyya, a zamanin halifa Walidu ɗan Abdul Malik, Musa ɗan Nusairu, gwamnan Ifriƙiyya, ya tura baransa Ɗariƙu ɗan Ziyad da rundunar da akasarinta Barbarawa ne, suka ƙetare daga Sabta suka sauka a gindin dutsen nan, kafin su gwabza da Luzariƙu sarkin Gotawa su karya shi. Labarin da ake yawan kawowa cewa Ɗariƙu ya ƙone jiragensa bayan sun sauka, marubutan baya ne suka rawaito shi, kuma mai hankali ba zai dogara da shi ba. Abin da ya tabbata shi ne Larabawa suka riƙa cewa Jabal Ɗariƙ, harsunan Turawa kuma suka yi ta murɗa lafazin har ya zama Jibralta.

Abin mamaki, a 1160 halifan Muwahhidai Abdul Mumini ya gina birni a wurin, aka raɗa wa dutsen Jabalul Fathi, amma duk ƙarfin mulkinsa sabon sunan bai daɗe a bakin jama'a ba. Kastilawa suka ƙwace wurin a 1462, Ingila ta kama shi a 1704 aka tabbatar mata da shi a yarjejeniyar Utrecht ta 1713, kowannensu yana kiransa da sunan baran nan Ɗariƙu wanda, tun da aka kira shi Dimashƙa tare da maigidansa, littattafan tarihi suka kusa yin shiru a kansa. Shi kuwa maigidan, ana jingina masa Jabal Musa da ke ƙetaren ruwa a gaɓar Maroko, wanda ya kusa ninka na Ɗariƙu tsawo.