JALILA BAKKAR DA HUKUMAR TACE WASANNI A ƘASAR TUNISIYA



Laccar tamu ta yau ta shafi wata mata 'yar ƙasar Tunisiya mai suna Jalila Bakkar, wadda ta shahara wajen yin wasan kwaikwayo da rubuta shi. Abin da ya sa muka zaɓe ta shi ne, tarihinta yana nuna mana a fili irin abin da hukuma takan ji tsoro idan ta ɗauki almakashi za ta tace rubutun mutane. Za mu ga cewa a Tunisiya, abin da ya fi tsone wa masu tacewa ido shi ne a tuna wa jama'a abin da ya faru a ƙasarsu, da sunayen wurare da shekaru.

Yadda gwamnati ta rungumi wasan kwaikwayo

Tunisiya ta sami mulkin kai daga Faransa ranar 20 ga Maris 1956. Shugabanta na farko, Habib Burgiba, mutum ne da ya ɗauki wasan kwaikwayo da muhimmanci. A watan Nuwamba 1962 ya yi wani jawabi musamman a kan wannan fanni, inda ya nuna cewa hanya ce ta wayar da kan jama'a. Daga nan gwamnati ta shiga tura matasa ƙasashen waje su koyo sana'ar, ta kuma kafa ƙungiyoyin wasa a larduna, kamar ta garin Kaf da ta garin Gafsa. To, amma Hausawa sun ce mai abu da abinsa. A wancan lokaci, gwamnatin da ke biyan albashi ita ce kuma ke da kwamiti a Ma'aikatar Al'adu wanda yake duba kowane wasa kafin a nuna wa jama'a. In kwamiti bai ba da takardar izini ba, ba a buɗe labule.

A cikin wannan hali Jalila ta taso. An haife ta a birnin Tunis a 1952, ta kuma karanta adabin Faransanci. A 1973 ta bar babban birni ta shiga ƙungiyar wasa ta Gafsa, can kudu, yankin da ake haƙar ma'adinin fosfat, inda talauci ya yi katutu. A can ta yi aiki tare da Fadil Ja'ibi, wanda ya zama mijinta kuma mai tsara wasanninta a kan dandali.

Tsayawa da ƙafa

A 1976 Jalila da Ja'ibi da wasu abokan aikinsu, cikinsu har da Fadil Jaziri da Muhammad Idris da Habib Masruki, suka kafa ƙungiyar da suka kira Sabon Dandali. Ita ce ƙungiyar ƙwararru ta farko a ƙasar da ba ta ƙarƙashin gwamnati. Suna yin wasanninsu da Larabcin da mutanen Tunisiya ke magana da shi a gida da kasuwa, domin kowa ya ji da kunnensa. A 1993 kuma Jalila da mijinta suka kafa kamfaninsu mai suna Familiya.

Ya kamata mu lura da iyakar wannan 'yanci. Tsayawa da ƙafa ya raba su da albashin gwamnati, ta yadda ba wanda zai kore su daga aiki ko ya yi musu canjin gari. Amma bai raba su da kwamitin tacewa ba, kuma yawancin manyan zaurukan wasa na hukuma ne. Saboda haka 'yancin da suka samu shi ne na iya cewa a'a idan aka nemi su gyara magana, sa'an nan su jure wa asarar da za ta biyo baya.

A halin nan mulki ya canja hannu. Ranar 7 ga Nuwamba 1987 Firayim Minista Zainul Abidina Bin Ali ya tara likitoci suka ba da shaidar cewa tsufa ya ci ƙarfin Burgiba, ya karɓe kujera. Da farko an yi zaton sauƙi ya zo, amma daga 1991 aka shiga kama 'yan ƙungiyar Annahda dubbai, aka kuma ƙara matse jaridu da duk masu adawa.

A 2001 Jalila ta rubuta wasan Junun, wato hauka, wanda ta gina a kan littafin wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Najiya Zamni. Labarin wani saurayi ne mai taɓin hankali da matar da ke ƙoƙarin yi masa magani, kuma Jalila ce ta fito a matsayin matar. An nuna shi a bikin wasanni na Abinyon a Faransa a 2002. Masu kallo a Tunis ba su buƙaci a faɗa musu cewa asibitin da ke ɗaure mara lafiya maimakon ya saurare shi yana kama da ƙasarsu ba. Irin wannan zance a lulluɓe kwamiti yakan kau da kai ya bar shi ya wuce.

Rikicin Hamsun

A 2006, shekarar da Tunisiya ta cika shekara 50 da samun mulkin kai, Jalila ta cire lulluɓin. Ta rubuta wasan Hamsun, wato hamsin. Labarin ya fara da wata malamar makaranta da ta tayar da bam a jikinta a farfajiyar makarantar da take koyarwa. 'Yan sanda suka kama ƙawayenta, cikinsu har da Amal, 'yar wasu tsofaffin 'yan gurguzu, wadda ta komo daga karatu a Faransa ta sa hijabi. Uban Amal an taɓa ɗaure shi, an gana masa azaba a zamanin Burgiba, ga shi yanzu 'yarsa ta faɗa hannun irin waɗannan mutane a zamanin Bin Ali. Jalila ta fito a matsayin uwar.

A nan wasan ya taɓa wurare biyu masu ciwo. Na farko, gwamnatin wancan lokaci ba ta taɓa yarda cewa ana azabtar da mutane a ofisoshin 'yan sanda ba. Na biyu, a lokacin akwai takardar umarni ta 1981 da ta hana sa hijabi a makarantun gwamnati, kuma hukuma na nuna wa duniya cewa ta gama da matsalar tsattsauran ra'ayi. Wasan ya tambayi abin da ya sa 'ya'yan ƙasar da ta yi alfahari da ilmin zamani da 'yancin mata suke juya mata baya.

An fara nuna Hamsun a zauren Odeyon na birnin Faris a watan Yuni 2006. A gida kuwa kwamiti ya hana izini, ya ce sai an cire shekaru, da sunayen mutane da wurare, da ayoyin Alƙur'ani, da duk abin da ya shafi tarihin ƙasar. Jama'a, ku dubi wannan jeri da kyau. Da an bi umarnin, labarin zai zama tatsuniyar wata ƙasa da ba ta da suna, kowa ya kalla ya tafi gida hankali kwance. Jalila da Ja'ibi suka ƙi. Aka yi wata da watanni ana ja-in-ja, masu fasaha na gida da na waje suna ta ƙorafi, har abin ya zama abin kunya ga gwamnatin da ke tallar kanta a Turai a matsayin mai son ci gaba. A 2007 aka sakar musu mara, aka nuna wasan a Tunis, mutane suka yi ta cika zaure.

Yahaya Ya'ish

A watan Afrilu 2010 suka fito da Yahaya Ya'ish. Wannan karon labarin wani babban jami'in gwamnati ne da ya ji labarin tsige shi a talabijin. Aka hana shi fita ƙasa, aka tsare shi a gida, ɗakin littattafansa ya kama da wuta, daga bisani aka kai shi asibitin masu taɓin hankali, inda ya fuskanci tambayoyi a kan abin da ya aikata yana kan mulki. Duk wanda ya tuna yadda aka cire Burgiba da takardar likita ya san inda aka dosa.

Ranar 17 ga Disamba 2010 wani saurayi mai tallar kayan marmari, Muhammad Bu'azizi, ya cinna wa kansa wuta a garin Sidi Buzid. Ranar 14 ga Janairu 2011 Bin Ali ya gudu Saudiyya, wata tara ke nan bayan fara nuna wasan. Wasu sun ce Jalila ta yi duba. Gaskiyar magana ita ce ta faɗi abin da jama'a suka daɗe da sani, wanda tsoro ya hana su furtawa.

Faɗuwar Bin Ali ba ta sa ta ajiye alƙalami ba. A 2013 ta rubuta Tsunami, inda ta juya kan sabuwar barazana, wato masu neman rufe bakin jama'a da sunan addini, a shekarar da aka harbe 'yan siyasa biyu, Shukri Bal'id da Muhammad Barahmi. An haɗa waɗannan wasanni uku an fassara su zuwa Turanci a littafi guda.

Kammalawa

Ga ɗalibai, darasin shi ne cewa ƙarfin rubutun Jalila ya fito ne daga riƙe sunaye da shekaru, abin da marubuci mai tsoro yakan fara jefarwa. Ga ma'aikata kuwa, ya kamata a tuna cewa 'yan kwamitin nan ma'aikata ne kamar ku, masu bin umarni da jiran albashi. Sun yi zaton idan aka goge sunan kurkuku daga takarda, an goge shi daga zukatan waɗanda aka ɗaure a ciki da 'ya'yansu. Abin da suka yi nasarar yi kawai shi ne hana shugabanninsu jin koken da ke taruwa, har ranar da ya fito kan titi. Idan wata rana aka ajiye muku rubutun wani a kan tebur aka ce ku tace, ku fara tambayar kanku ko abin da aka rubuta ƙarya ne, ko kuwa gaskiya ce da ba a son ji.