Yootha Joyce: Matar Da Sunan Wasa Ya Haɗiye

A gidajen wasan kwaikwayo na Ingila akwai waɗansu 'yan wasa waɗanda ba su ne ke jan ragamar labari ba, amma in babu su wasan ba ya armashi. Su ne ke fitowa a matsayin maƙwabciya mai tsegumi, ko baranya, ko mai gidan haya mai faɗa. Su ne gishirin miya. Sau da yawa 'yan kallo sun san fuskokinsu sarai, amma ba su san sunayensu ba. Yootha Joyce tana cikin gwanayen wannan fanni, ita kuwa shahara ta same ta a ƙarshe, sai dai ta zo mata da tsada.

An haife ta ran 20 ga Agusta, 1927, a unguwar Wandsworth ta birnin Landan. Mahaifinta mawaƙi ne, mahaifiyarta kuwa makaɗiyar fiyano. Ta koyi sana'arta a babbar makarantar wasan kwaikwayo ta Landan wadda a ke kira RADA, sa'an nan ta yi shekaru tana yawon wasa gari gari da ƙananan ƙungiyoyi. A 1956 ta auri wani ɗan wasa, Glynn Edwards, kuma a wannan zamani ne ta shiga ƙungiyar Joan Littlewood da ke Stratford, a gabashin Landan. Ita Littlewood ba ta yarda wasa ya zama na masu hannu da shuni kaɗai ba. So ta ke a ga talakan Landan a kan dandamali, da irin maganarsa da irin tafiyarsa. A nan Yootha ta goge, a nan kuma ta yi aiki tare da Brian Murphy, wanda daga baya zai zama mijinta na wasa.

Cikin shekarun 1960 ta fito a finafinai da dama, kullum a ƙaramin matsayi. A The Pumpkin Eater na 1964, mintoci kaɗan aka ba ta, a matsayin wata mata mai taɓin hankali da ta tare Anne Bancroft da magana a shagon gyaran gashi, ta fara da yabo ta ƙare da barazana. Har yau masana silima suna ambaton wannan ɗan wuri. A 1966 kuma ta fito a A Man for All Seasons, ita ce matar da ta kai wa alƙali Thomas More kofin azurfa don toshiyar baki. Duk wannan ya nuna iyawarta ba ta tsaya ga ban dariya ba.

A 1973 al'amarinta ya sake. Gidan talabijin na Thames ya fara wani wasan ban dariya mai suna Man About the House, labarin wani saurayi da 'yan mata biyu da ke haya a gida ɗaya. Yootha da Brian Murphy su ne masu gidan, watau Mildred Roper da mijinta George. An sa su ne don su cika wuri, sai ga shi sun ƙwace wasan. Saboda haka a 1976 aka ware musu nasu, George and Mildred, wanda aka yi ta nunawa har 1979, wani lokaci masu kallonsa su kai wajen miliyan 20. Mildred mace ce mai son ado da son a san da ita cikin manya, ga ta da miji malalaci wanda bai kula da ita ba. Harshenta kaifi gare shi kamar aska, amma Yootha ta kan bar mai kallo ya hangi kaɗaicin da ke ƙarƙashin masifar. Abin da ya sa jama'a suka ƙaunace ta ke nan.

To, a nan ne wahalar ta ke. 'Yar wasa irin wannan, jarinta shi ne ta zama mutum dabam a kowane wasa. Tun da Mildred ta shiga kowane gida, sai mutane suka daina ganin Yootha, ko'ina ta nufa Mildred a ke gani. Aurenta ya riga ya mutu tun ƙarshen shekarun 1960. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma ita sarrafa fuska ce sana'arta, don haka ko abokan aikinta ba su gane zurfin halin da ta ke ciki ba.

Ta rasu a wani asibiti a Landan ran 24 ga Agusta, 1980, kwana huɗu bayan ta cika shekara 53, Brian Murphy yana gefen gadonta. Ciwon hanta ne ya kashe ta. A wurin binciken dalilin mutuwarta aka bayyana cewa ta yi shekara goma tana shan wajen rabin kwalbar barasa mai ƙarfi kowace rana, lauyanta kuma ya shaida cewa tana tsoron kada a ɗaure ta ga Mildred har abada. Ana cikin shirin ci gaba da wasan ke nan ajali ya zo. Ba a nemi wata ta maye gurbinta ba, wasan ya tsaya daga nan.