Tankokin da Ba Su Ga Fagen Fama Ba

Tun 1961, sa'ad da kamfanin Tamiya na Japan ya fitar da 'yar tankar Panther ta roba, mai girman kashi ɗaya bisa 35 na asali domin batir ya samu mazauni a cikinta, ma'abota haɗa 'yan tankokin roba suka duƙufa ga kwaikwayon abin da ya auku. Daga bisani wasunsu suka karkata ga abin da ƙaddara ta hana, misalin tankar E-100 ta Jamus, wadda sojojin Amurka suka iske gangar jikinta a 1945 babu igwa. Mai haƙuri yakan ɗora wa 'yar tankarta ta roba igwar, ya ɗiga launin tsatsa da bakin burushi, ya yaɓa laka a sarƙoƙinta. A ganina aikin halal ne, muddin an shaida wa mai kallo cewa ƙiyasi ne.