Firigo ya daina sanyi: abin da za a duba a gida kafin a ce gaz ya ƙare

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Yamai, Maradi, Damagaram da Tawa, ƙofar masu gyaran firigo ba ta rabuwa da jama'a. Kusan kowa da magana ɗaya yake zuwa: gaz ya ƙare. Wasu masu gyaran ba sa musu, tunda zuba gaz aiki ne mai kuɗi. Sai dai gaz ɗin firigo ba irin na girki ba ne da ake ƙonawa har kwalba ta ƙare. A rufe yake cikin bututu yana zagayawa, kuma muddin bututun bai huje ba, wanda aka zuba tun daga masana'anta zai iya raka firigon har tsufansa. Mafi yawan abin da ke hana sanyi a ƙasar nan zafi ne, da ƙura, da robar ƙofa, da rashin tsayayyiyar wuta. Ga matar da ƙanƙara, bisap ko yawur ne jarinta, sanin wannan bambanci shi ne tsakanin aikin rabin awa da tsintsiya da kuma asarar cinikin mako guda.

Yadda yake aiki

Firigo kwashe zafi yake yi daga ciki ya zubar a waje. Baƙin injin nan mai kama da tukunya da ke ƙasa ta baya, wanda masu gyara ke kira kwamparesa, shi ke matse gaz ya tura shi cikin ragar ƙarfen da ke bayan firigo. A nan gaz ɗin ke sakin zafinsa ya zama ruwa, ya bi ta wani siririn bututu zuwa farantin ciki, inda yake sake zama iska yana janye zafin abinci. Tarmosta, wato maɓallin nan mai lambobi, shi ke tayar da inji ya kuma kashe shi. Duk abin da ya hana ragar baya sakin zafi, ko ya bar iskar waje tana shiga ciki, zai sa inji ya yi ta gudu ba hutu, sanyi kuma ya ragu, kamar dai gaz ne ya yi ƙasa.

Harafin da ba a dubawa

A cikin firigo ko a bayansa akwai ƴar takarda mai ɗauke da bayanansa. A jikinta ana samun haruffa SN, N, ST ko T, masu nuna iyakar zafin ɗakin da aka ƙera firigon ya jure. SN da N iyakarsu digiri 32 ne, ST yana kai 38, T kuma 43. Da yawa daga cikin firigo na hannu da aka saba shigowa da su daga Turai ta Kwatano da Lome, N ne ko SN. An yi su ne don ɗakin girki na Faransa ko Jamus. Irin wannan firigo, in aka ajiye shi a shago mai rufin kwano a watan Afrilu, zai gaza ko da babu abin da ya lalace a jikinsa, kuma ko sau goma aka zuba masa gaz ba zai canza ba. Abin da zai taimake shi shi ne a kai shi ɗakin da ya fi kowane sanyi a gidan, nesa da murhu da hasken rana, a rage masa kaya da yawan buɗewa. Wanda zai sayi firigo, wannan harafi ya fi launi da suna muhimmanci.

Ƙura da wurin ajiya

Kafin a taɓa komai a bayan firigo, a cire wayarsa daga bango. Kashe maɓallin ciki bai wadatar ba.

Bayan hunturu, ragar baya takan yi kauri da ƙura da yanar gizo, ƙurar kuma kamar bargo take a kanta. Tsintsiya mai laushi ko tsohon burushi sun isa, a share daga sama zuwa ƙasa a hankali, ba tare da lanƙwasa bututu ba, a goge jikin injin da busasshen tsumma. Sau biyu a shekara shi ne mafi ƙaranci, kuma ɗaya ya kamata ya zo gab da shigowar bazara. A bar tazarar kamar santimita 10 tsakanin firigo da bango.

Sababbin firigo da yawa ba su da raga a baya. An ɓoye bututun a cikin bangayensu na gefe. Shi ya sa gefensu ke ɗaukar zafi, wanda ba alamar lalacewa ba ce. Amma al'adar lulluɓe firigo da zane ko leshi don kwalliya, ko cusa shi tsakanin kabad da bango, tana shaƙe irin wannan firigo ƙwarai.

Robar ƙofa

Nan ne aka fi yin asarar sanyi ba a sani ba. Gwajin mai sauƙi ne: a sa takarda, ko takardar jika ɗaya, tsakanin ƙofa da jikin firigo, a rufe, a ja. In ta fito salin-alin ba tare da turjiya ba, robar ba ta kamawa a wurin. A zagaya da gwajin duk gefuna huɗu, musamman kusurwar ƙasa inda yara ke ja. Sau da yawa datti ne kawai, ragowar lemo ko miya da ta bushe, kuma ruwan ɗumi da sabulu na magance shi. Robar da ta ƙandare ko ta lotsa takan komo daidai in aka dafa mata tsumma mai ruwan zafi na ƴan mintuna sannan aka rufe ƙofar ta huce a haka. Ɗan man basilin a gefen da maƙalar ƙofa take yana hana ta naɗewa. Wadda ta yage sai canji. A auna tsawo da faɗin ƙofar, ko a tafi da tsohuwar kasuwa.

A duba kuma tsayuwar firigon. In gabansa ya ɗan fi bayansa tudu, ƙofa za ta riƙa rufe kanta. Ƙafafun gaba na yawancin firigo ana murɗa su ne don haka.

Akwai wani ɗan abu da ake mantawa: ƙwan fitilar ciki. In maɓallinsa ya maƙale, fitilar na ci ko ƙofa na rufe, tana ɗumama abinci dare da rana. A kunna bidiyon wayar hannu, a sa ta ciki, a rufe ƙofa na daƙiƙa goma, za a ga gaskiya.

Ƙanƙara da wuƙa

Ƙanƙarar da ta taru a jikin faranti ba ƙarin sanyi ba ce, shamaki ce tsakanin farantin da abinci. Da ta kai kaurin rabin santimita lokacin narkar da ita ya yi. A cire waya, a kwashe kaya, a bar ƙofa buɗe, a sa kwanon ruwan zafi a ciki in ana sauri.

Ba a sa wuƙa, ba a sa cokali ko sukurdireba. Farantin na alminiyo ne mai laushi, gaz kuma a cikin jikinsa yake bi. Sara ɗaya ya isa a ji iska na fita, daga nan ne gaz ke ƙarewa da gaske. Wanda hakan ta faru da shi kada ya sake kunna firigon, domin injin zai zuƙi ruwa da danshi ta hujin, gyaran ya ninka. Ya buɗe tagogi, kada a kunna ashana ko murhu a kusa.

Firigon da aka rubuta wa No Frost yana narkar da ƙanƙararsa da kansa, fanka kuma ke tura sanyi daga sama zuwa ƙasa. In sama na daskarewa amma ƙasa ba sanyi, galibi ƙanƙara ce ta toshe hanyar iska a bayan murfin ciki, inda ido ba ya gani. A kashe shi awa 24 ƙofofi a buɗe. In ya dawo daidai sannan bayan mako ɗaya ko biyu ya koma gidan jiya, to na'urar narkarwar ce ta mutu, wannan kuma aikin mai gyara ne, amma ba na gaz ba.

Lambobin tarmosta ba digiri ba ne. Babbar lamba ita ce sanyi mai yawa. Murɗa shi zuwa ƙarshe a tsakiyar bazara ba ya ƙara wa inji ƙarfi, hutu kawai yake hana shi. Abin da ake nema shi ne kusan digiri 4 a sashen abinci, da 18 ƙasa da sifiri a sashen daskarewa. Ranar Babbar Sallah ma ana ganin irin wannan: a cusa nama mai ɗumi har bakin ƙofa, washegari a ce firigo ya lalace. Sai an bar nama ya huce, an raba shi ƙananan ƙulli, an bar wa iska hanya.

Wuta

Wutar NIGELEC bolt 220 ce a ƙa'ida, amma mazauna ƙarshen layi a sababbin unguwanni sun san yadda take rauni da maraice. Wani kaso na wutar kudancin ƙasar daga Najeriya yake zuwa, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai da na Katsina zuwa Gazawa, kuma watannin da aka katse ta, daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, sun nuna wa kowa abin da ɗauke wuta da dawo da ita ke yi wa kayan sanyi.

Raunin wuta ya fi ɗaukewarta illa. Inji na buƙatar ninkin wutar da yake ci a lokacin tashi. In bai samu ba, sai ya tsaya yana gurnani yana zafi har wayoyin cikinsa su ƙone. Dawowar wuta nan take bayan ɗaukewa ma haka: gaz na matse a bututu, inji ba zai iya turawa ba. Dokar ita ce a cire waya in an ɗauke wuta, a jira aƙalla minti 5 bayan ta dawo. Regilatar mai jinkirin kunnawa yana yin wannan da kansa, kuma kuɗinsa bai kai na sabon inji ba. Firigo na son mazauninsa shi kaɗai a bango. Doguwar waya mai bakuna da yawa, wadda aka haɗa masa da dutsen guga da talabijin, tana rage masa wuta, tana kuma iya kamawa. Firigon da ya mutu gaba ɗaya, ba fitila ba ƙara, a fara gwada wurin da cajar waya ko fanka, sannan a bi wayarsa a ga ko ɓera ya ci.

In wuta ta daɗe ba ta dawo ba, a bar ƙofa a rufe. Sashen abinci na riƙe sanyi kamar awa 4, cikakken kwanjelatar kuma har kwana biyu in ba a buɗe ba, ko da yake a zafin Mayu bai kamata a dogara da hakan sosai ba. Ƴan robobin ruwa da aka daskarar tun da wuta suna ƙara lokacin.

Ƙarar "tak" duk bayan ƴan mintuna

Fitila na ci, inji ya yi gurnani na ƴan daƙiƙu, a ji "tak", ya yi shiru, bayan mintuna kaɗan ya sake. Wannan ƙara ta makarin inji ce da ke yanke wuta don kada ya ƙone. In wutar gidan na da ƙarfi, abin zargi na farko shi ne rele, ɗan ƙaramin abin da ke tayar da inji, wanda ke maƙale a gefensa ƙarƙashin baƙin murfin roba. Bayan an cire waya daga bango, a ɗauki hoton yadda wayoyin suke, a zare shi, a girgiza kusa da kunne. In ya yi ƙara kamar tsakuwa a gwangwani, ko yana warin ƙuna, ya fashe a ciki. A tafi da shi wurin masu sayar da kayan firigo, kamar na kasuwar Katako a Yamai, a sayo irinsa daidai. Mutane da yawa sun sayi sabon inji alhali wannan ɗan abu ne ya mutu. In akwai wani abu mai kama da babban batir kusa da inji, kada a taɓa bakunansa, yana riƙe wuta ko bayan an cire waya. In an canza rele ƙarar ba ta daina ba, injin ne da kansa.

Ruwa a ƙasa da wari

Ruwan da ke kwanciya ƙarƙashin akwatin kayan miya daga toshewar ƴar kafar da ke bangon baya na ciki yake. A tura mata ruwan ɗumi da sirinji, ko a zura siririyar roba mai laushi. Ruwan na sauka ne a wani ɗan faranti da ke kan inji, wanda shi ma yake buƙatar wanki, don kyankyasai na son wurin. Wari kuma, bayan an wanke ciki, ɗan gawayi a kwano yana shanye shi.

Inda hannun mai gida ke tsayawa

Alamar hujin gaske daban take: inji na gudu ba tsayawa, ragar baya ba ta ɗaukar ɗumi ko kaɗan, faranti na yin ƙanƙara a kusurwa ɗaya kawai ko ba ya yi sam, wani lokaci a ga maiƙo a mahaɗar bututu. Nan sai mai gyara. Amma a tambaye shi inda hujin yake kafin ya zuba komai, domin gaz ɗin da aka zuba ba a toshe huji ba, ta inda na farko ya fita zai bi. A kuma tabbata irin wanda aka rubuta a jikin inji ne za a sa. Tsofaffin firigo na amfani da R12, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina ƙerawa saboda illarsa ga sararin samaniya. Na bayansu R134a. Sababbi kuma galibi R600a, wanda ke kama wuta kamar gaz ɗin girki. Ba a cakuɗa su, kuma ba a kusantar bututun R600a da wutar walda sai an zubar da gaz ɗin a fili.

Firigon da jikinsa ke jan mutum in an taɓa shi, a cire wayarsa nan take a kira mai aikin lantarki, kada a ce za a shimfiɗa katako a ci gaba, musamman a gidan da yara ke yawo ba takalmi. Wanda aka ɗauko a kwance a kura ko a bayan mota daga wurin gyara, a tsayar da shi aƙalla awa 4 kafin a kunna, in ya daɗe a kwance a bar shi ya kwana, don man inji da ya kwarara cikin bututu ya koma mazauninsa.