Shekarar da dillalan zane suka faɗi farashi

A watan Fabrairun 2020 annobar korona ta sa aka soke baje kolin Art Basel na Hong Kong, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin zane-zane na duniya. Masu shirya shi ba su naɗe tabarma ba. A watan Maris suka mayar da shi intanet, inda gidajen dillancin zane sama da 200 suka baje ayyuka fiye da 2,000.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a Janairun 2011 aka gwada irinta da sunan VIP Art Fair, amma shafin ya kasa ɗaukar cunkoson masu shiga, dillalai suka tashi da takaici. Shekaru tara bayan haka akasarin manyan dillalai ba su daina yi wa intanet kallon hadarin kaji ba.

Abin da ya sauya a 2020 shi ne maganar kuɗi. A al'adar wannan kasuwa ba a liƙa farashi a jikin zane mai tsada. Sai mai saye ya tambaya, dillali kuma ya auna shi tukuna: wane ne shi, me ya taɓa saya, zai adana aikin ne ko gobe zai kai shi gwanjo? Wannan shirun shi ne rabin jarin dillali, domin da shi yake zaɓar wanda zai sayar wa. Art Basel kuwa ta gindaya sharaɗin cewa kowane aiki ya fito da farashinsa, ko aƙalla da iyakarsa ta ƙasa da ta sama. Ɗalibi da attajiri suka ga lamba ɗaya a lokaci ɗaya.

Allon waya ba ya nuna kaurin fenti, kuma zanen da ya cika bango yakan koma kamar kan sarki. Duk da haka an yi ciniki. A Yunin 2020 Sotheby's ta yi gwanjo ta bidiyo kai tsaye, aka sayar da wani aikin Francis Bacon a kan dala miliyan 84.6. Rahoton Art Basel da bankin UBS ya nuna kasuwar ta ragu da kashi 22 cikin 100 a shekarar, amma cinikin intanet ya ninka zuwa dala biliyan 12.4, wato rubu'in kasuwar baki ɗaya. Sai a Satumban 2021 baje kolin birnin Basel ya koma zaurensa.